Dorugu Ɗan Dambanas: Bahaushen da Ya Zama Baƙo a Ko'ina

Duk wanda ya zauna a ƙasar Haɗejiya ya san tambayar nan da ake yi wa mutum kafin a ba shi wuri: kai ɗan ina ne? Ana yin ta a kasuwa. Ana yin ta wajen rabon fadama idan ruwa ya janye. Ana yin ta ranar da yaro ya je neman takardar shaidar ɗan asali don makaranta ko aiki. Tun da aka cire Jigawa daga Kano a watan Agustan 1991 tambayar ta ƙara nauyi, gama wanda jiya ɗan jiha ne a birnin Kano ya wayi gari baƙo a can, Bakano kuma ya zama baƙo a nan.

Mu masu bi mun san tambayar ta fuska biyu. A cikinmu akwai waɗanda kakanninsu suka yi noma a ƙasar nan tun ba a zana taswira ba, amma da zarar sun ce sunansu Bulus ko Rifkatu sai a sake dubansu, sai ka ce Bahaushe ba ya zama Kirista. Akwai kuma waɗanda aiki ko kasuwanci ya kawo iyayensu daga Filato, ko kudancin Kaduna, ko ƙasar Ibo. A nan aka haife su, ba su san wani gida ba, amma har gobe baƙi ake ce da su. Wani lokaci ma a cikin majami'a ɗaya mu da kanmu muke yi wa juna tambayar, musamman ranar zaɓen dattawa.

Shi ya sa a darasin tarihin ikilisiya na wannan karo muka ɗauko labarin Dorugu. Da yawa cikinmu ba su taɓa jin sunansa ba, alhali yana cikin mutanen farko da Maganar Allah ta bi ta bakinsu ta shiga harshen Hausa.

An haife shi wajen shekarar 1840 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance a ƙasar Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Sunan ubansa Kwage, manomi ne kuma makaɗi. Sunan uwarsa Kande. Gidan talakawa ne, irin wanda ba ya shiga littafin tarihi. Zamanin kuwa na hare-hare ne. Aka fara kama uwarsa. Daga baya, yana ɗan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, mayaƙan Sarkin Damagaram suka faɗa wa ƙasarsu suka kama shi. Mu lura da wannan, waɗanda suka raba shi da gida ba daga wata uwa duniya suka zo ba, mayaƙan sarkin ƙasar ne, maƙwabta. Daga Damagaram aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ya tsinci kansa a Kukawa, babban birnin Borno, bawa a gidan wani Balarabe. Nan ne baƙuncinsa na fari. Ya koyi Barbarci don dole.

A wannan lokaci akwai Jamusawa biyu a Kukawa, masu yawon binciken ƙasa a madadin gwamnatin Ingila. Ɗaya Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da Abdulkarim, ɗayan kuma Adolf Overweg. Dorugu ya fara da kiwon raƙuman Overweg. Daga baya Overweg ya biya kuɗinsa ya 'yanta shi, kamar yadda ya 'yanta wani saurayi Bamargi mai suna Abbega. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kashe Overweg a bakin Tafkin Chadi, a watan Satumban 1852. Yaran biyu suna da 'yanci, amma ba su da inda za su. Ɗan da aka 'yanta a Kukawa, ba uwa ba uba, in ya kama hanya shi kaɗai sake kama shi za a yi kafin ya kwana uku. Sai suka bi Barth.

A ƙarshen 1852 suka tashi daga Kukawa suka nufi yamma. Suka yada zango a Damagaram, suka ratsa ƙasar da aka haifi Dorugu zuwa Katsina, bai tsaya ba. Ya wuce ta gefen gida a matsayin yaron baƙo. Daga Katsina sai Wurno da Sakkwato, sai Gwandu, suka haye Kwara a Sayi, suka isa Tambutu a watan Satumban 1853.

Abin da ya faru a Tambutu ya cancanci mu ɗan dakata a kansa. Da aka gane Barth Kirista ne, sarakunan Fulanin Masina suka nemi a kore shi ko a miƙa musu shi. Wanda ya tsaya masa babban malamin Musulunci ne, Shehu Ahmad Albakka'i. Ya sauke shi, ya kāre shi da alƙalami da kuma mutanensa wata da watanni, har ya raka shi da kansa ya fitar da shi lafiya, domin a wurinsa baƙo amana ne. Dorugu yana wurin, ya gani da idonsa. Mu da muke saurin lissafa abin da maƙwabta suka yi mana, ya kamata wannan ma ya shiga lissafi.

A hanyar komowa ne ya taka ƙasar da yau ake kira Jigawa. Sun bar Kano a ƙarshen watan Nuwamban 1854 za su Kukawa, suka bi ta Gumel, suka tarar yaƙi ya ci garin. Lokacin Buhari ne ke sarautar Haɗejiya, bayan ya yi wa Sakkwato tawaye, kuma Barth ya ambace shi a littafinsa a matsayin wanda ya hana hanyoyin tsakanin Kano da Borno kwanciyar hankali. Saboda haka ayarin bai ratsa ta Haɗejiya ba, ta arewa da kogin ya bi. Ƙasar a lokacin cike take da mutanen da yaƙi ya tayar daga garuruwansu, wasu suna gudu, wasu ana kora su a ɗaure. Zuriyar da yawa daga cikinsu su ne yau ake kira 'yan asali a inda gudun ya tsaya da su. Ko Haɗejiya kanta, in muka bi labarin da dattawa ke bayarwa, Haɗe maharbi ne da ya zo daga Macina, shi da matarsa Jiya.

A watan Mayun 1855 suka kama hanyar Sahara ta Bilma da Murzuk, suka isa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa zuwa Malta da Faransa, sai ga su a Landan a watan Satumba. Barth ya kai su har Jamus, inda mutane suka yi ta taruwa kallonsu. A littafin tafiyarsa akwai zanen hotonsu su biyu. Amma kallo ba gefe ɗaya ya bi ba. Dorugu ma yana kallon Turawa, kuma da ya zo ba da labari ya bayyana yadda suke cin abinci a liyafa, da yadda suke sa tufafi, da sanyin ƙasarsu, kamar yadda su suke bayyana mu a littattafansu. An ce baƙo ko da ido makaho ne. Wannan baƙon dai idonsa a buɗe yake.

Barth ya shirya a mai da su gida a farkon 1856. A nan ne wani mutum ya shigo labarin, Rabaran James Frederick Schön. Shi ma Bajamushe ne, ɗan mishan na CMS, wanda ya yi aiki a Saliyo, ya kuma hau Kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. A Saliyo ya fara koyon Hausa a bakin bayin da aka ƙwato daga jiragen ruwa, har ya buga ɗan littafin kalmomi a 1843. Rashin lafiya ya mai da shi Ingila, ya zama limamin wani asibitin sojojin ruwa a Chatham. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, har ya mutu a 1889. Amma zuciyarsa tana kan harshen, yana so ya ga Littafi Mai Tsarki a cikinsa. Da ya ji ga Bahaushe a Ingila, sai ya shawo kan yaran suka zauna a gidansa maimakon su shiga jirgi. Barth ya yi fushi ƙwarai. Turawa biyu suka yi ta jayayya a kan yara biyu, kowa yana cewa alherinsu yake nema. Ba ma shakkar cewa Schön yana ƙaunar Ubangiji, amma gaskiya ita ce yana bukatar Dorugu fiye da yadda Dorugu yake bukatarsa.

An yi musu baftisma a 1857. Abbega ya zama Frederick Buxton Abbega, Dorugu ya zama James Henry Dorugu. Sunayen Turawa biyu aka jera a gaban nasa. James ɗin nan kuwa shi ne Yakubu a Littafinmu, sunan da ba wanda zai juyo ya dube shi a kasuwar Kano ko Katsina. Abin kamar ƙarami ne, amma irinsa ne ya taru ya sa bangaskiya ta yi kama da rigar aro a jikin Bahaushe.

Abbega ya koma Afirka a wannan shekara. Dorugu ya zauna gidan Schön har 1864, wato shekara takwas. Ya koyi Turanci, ya koyi karatu da rubutu. Yana magana, Schön yana rubutawa: labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa, tatsuniyoyin da ya ji yana yaro a Dambanas, da amsar dubban tambayoyi a kan yadda ake faɗin kaza da kaza. A cikin waɗannan shekaru ne aka buga Bisharar Matiyu da Hausa a 1857, Farawa da Luka a 1858, Fitowa a 1859. Littafin nahawun Hausa na Schön ya fito a 1862, ƙamus ya biyo baya a 1876, Sabon Alkawari ya cika a 1880, sannan a 1885 aka buga Magana Hausa, wanda ke ɗauke da labarin Dorugu daga bakinsa. Sunan Schön ne a bangon littattafan, shi aka ba lambobin yabo, har jami'ar Oxford ta karrama shi. Amma Hausar da ke ciki, babban rabonta daga bakin ɗan Kande ta fito.

Mu tuna abin da ke cikin Farawa sura 37. Yaro ne aka raba shi da ubansa, aka sayar wa fatake masu raƙuma, aka ratsa hamada da shi zuwa ƙasar da bai san harshenta ba, aka sake sayar da shi, daga baya ma aka sauya masa suna. Ba sai an koya wa Dorugu kalmomin wannan labari ba. Ya san ayari, ya san igiya, ya san yadda ake taya mutum a kasuwa. Sa'ad da labarin Yusufu ya fara shiga Hausa, wanda ke zaune kusa da mai fassara ya riga ya bi hanyar da ƙafarsa. Haka Allah ya saba yi. Yarinyar da ta nuna wa Na'aman hanyar warkewa, a 2 Sarakuna sura 5, ita ma kamammiya ce a gidan baƙi, ba a ma rubuta sunanta ba.

Kada mu ƙara gishiri. Fassarar Schön ba ta yi nisa a ƙasar Hausa ba. Kunnensa na Bajamushe ne, bai bambanta ƙ da k ba, ko ɗ da d, kuma Hausar yaron da ya bar gida tun yana ƙarami ba za ta ɗauki dukan nauyin wasiƙun Bulus ba. Sai da Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa, tare da Hausawan da suka zauna da su, suka sake aikin kafin cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932. Amma waɗanda suka zo daga baya a kan littattafan Schön suka fara koyon harshen. Idan wani ya ce mana Littafin da muke karantawa da Hausa baƙo ne, za mu iya ce masa Bahaushe yana wurin tun ranar da aka aza harsashi, kusan shekara hamsin kafin Turawa su ci Kano.

Da ya komo Afirka a 1864, bai koma Dambanas ya zauna ba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ko da yake shi ba barin gida ya yi ba, fizge shi aka yi. Sana'ar da ke hannunsa ita ce harshe, sai ya zama tafinta. Ya yi shekaru fiye da arba'in yana aiki da Turawa iri iri, 'yan mishan, matafiya, daga baya kuma jami'an mulki. Abokinsa Abbega ya fi shi samun wurin zama. Lakwaja gari ne da baƙi da 'yantattun bayi suka cika, inda ba mai iya ce wa wani kakana ne ya sare dajin nan. A can Bamargin da aka taɓa sayarwa a Kukawa ya zama maigari a 1896, kuma jikansa Maimaina ya zama Sarkin Askira.

Matsayin tafinta matsayi ne mai wuya. Bature yana ganinsa ɗan ƙasa, 'yan ƙasa suna ganinsa yaron Bature. Akwai kuma abin da ya fi wannan ɗaci, wanda bai kamata mu ɓoye ba. An ce da ɗan gari akan ci gari. Littattafan da aka rubuta don bishara, su ne hafsoshin Ingila suka riƙa karantawa don su iya ba sojojinsu umarni da Hausa. Kano ta faɗi a 1903. A watan Afrilun 1906 sojojin Turawa suka auka wa Haɗejiya, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka kashe shi tare da jarumansa da yawa, shi ne har yau ake kira Mai Shahada. A wannan shekara ce aka sake buga Magana Hausa a Landan, bayan Charles Robinson ya gyara shi don masu koyon harshen. Dorugu bai harba bindiga a Haɗejiya ba, kuma yana ɗan shekara goma sha shida sa'ad da ya fara ba Schön labarinsa. Amma idan maƙwabcinmu Bahaɗeje ya haɗa bishara da igwa a zuciyarsa, ba daga iska ya ɗauko ba. Za mu fi iya yi masa magana in mun san abin da kakansa ya gani.

Aikinsa na ƙarshe a Kano ne. A 1909 Hanns Vischer ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa, bayan ganuwar birni, don malamai da 'ya'yan sarakuna, ya kuma ɗauki tsoho Dorugu cikin masu koyarwa. Vischer mutumin Basel ne a ƙasar Suwizalan, ya fara zuwa ne a matsayin ɗan mishan kafin ya shiga aikin gwamnati. Ya iya harshen sosai har Kanawa suka sa masa suna Ɗan Hausa, kuma gidansa yana nan a Kano har yau da wannan suna. To, ga abin mamaki. Bature daga Turai ya zama Ɗan Hausa, ɗan Hausa na ainihi kuwa, wanda littafinsa ya koya wa Turawa harshen, yana ƙarƙashinsa yana karɓar albashi. Ba laifin Vischer muke gani ba, sunan ya nuna yadda Hausawa kan buɗe ƙofa ga wanda ya girmama harshensu. Tambayarmu ita ce me ya sa ƙofar ta fi saurin buɗewa ga baƙo mai iko fiye da ɗan gida da ya dawo da wata kama.

Kano tana sauyawa da sauri a shekarun nan. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, mutane suka fara kwararowa daga kudu da Saliyo da Gwalkwas. Wajen 1913 gwamnati ta keɓe Sabon Gari don baƙi, aka raba mazauni bisa ga asali da addini, tsarin da ya bazu zuwa garuruwan Arewa da yawa, wanda kuma ya sa har yanzu majami'unmu suka fi yawa a bayan gari. Da Dorugu ya ƙara 'yan shekaru, ina za a ajiye shi? Bahaushe ne gaba da baya, amma an yi masa baftisma a Ingila. Ya fi masu mulkin sanin ƙasar, amma iyakar da Ingila da Faransa suka ja ta jefa Dambanas a hannun Faransa. In da yau ne, ba ƙaramar hukuma ɗaya a Nijeriya da za ta ba shi takardar ɗan asali.

Mun san abin da Littafin Firistoci 19:33-34 ya umarci Isra'ilawa game da baƙon da ke zaune a cikinsu, da dalilin da aka ba su, wato su ma sun yi baƙunci a Masar. Mukan karanta wurin muna tunanin yadda ake yi mana. Ya kamata mu karanta shi kuma muna tunanin wanda ya shigo majami'armu da Hausa mai gargada, ko manomin da ambaliya ta taso daga wani ƙauyen bakin kogi, ko makiyayin da ya sauka a gefen gonarmu, ko sabon mai bi da danginsa suka kora, mu kuma muke jinkirin ba shi 'yarmu don ba mu san asalinsa ba.

Dorugu ya rasu a Nasarawa a ƙarshen shekarar 1912, yana da shekara saba'in da 'yan kai, a shekarar da Vischer ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa na boko. Matar Vischer, Isabelle, ita ce ta rubuta labarin rasuwarsa a littafinta na tunawa da zaman Arewa. Da aka buɗe kayansa, aka sami tarin tabarau, da gwangwanayen biskit da koko waɗanda bai taɓa fasawa ba, da kuɗin zinariya da azurfa da ya yi shekaru yana tarawa, da tufafin da Turawan da ya yi wa aiki suka ba shi. Wasu tufafin suna ɗauke da sunayen masu su na fari, a cikinsu har da na matafiyin nan Bajamushe, Rohlfs.